Takardar gonarmu tana cikin kan Iya

Kakata, wadda duk gidanmu ke kira Iya, ba ta san shekarunta ba. In ka matsa mata sai ta ce an kai ta ɗakin miji a kakar da Turawa suka miƙa mulki, ta haifi babana a azumin da aka kashe Sardauna, sauran lissafin kai ka yi tunda kai ne ɗan boko. Amma tambaye ta ɗorawa nawa ce a gonar kakana, ko numfashi ba za ta ja ba. Sha ɗaya ce, tara tamu, biyu ta gidan maƙera, don kakansu gonar ya sayar, bai sayar da itacen ba. Ta san inda iyaka ta lanƙwasa ta bi bayan suri, ta san layin gambar da surukinta ya dasa bayan wata rigima da aka yi tun ba a haifi babana ba, ta san wanda ya karɓi jinginar fadama da damin dawa nawa aka fanshe ta.

Garin da duk waɗannan abubuwa suke babu shi yanzu. Yana can yamma da Kaduna, in ka bar kwalta a hanyar Birnin Gwari ka nausa daji. Da gangan na ɓoye sunansa: har yau akwai 'yan uwanmu da ke satar jiki su leƙa gonakin, kuma 'yan bindigar da suka tashe mu su ma suna riƙe da waya. Tun bayan daminar 2021 Iya take zaune a ɗaki ɗaya a Rigasa, ita da jikoki uku da wata gorar iri da ta ƙi yarda kowa ya taɓa.

Gari ba ya mutuwa rana ɗaya. Namu da shanun huɗa aka fara. Daga nan maza suka daina kwana a ɗaki. Sai aka aza kuɗin noma kafin a yi shuka, aka ƙara da na girbi kafin a ɗebi abin da aka shuka. Da aka ɗauke ƙanen babana, rumbu biyu da babur da ɗan bijimin da ya rage duk suka tafi wajen fansarsa. A ƙarshen daminar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako a yankin ta kuma datse layin waya don ta takura wa 'yan bindiga, ƙauye ya wayi gari ba inda zai sayar, ba wanda zai kira. Gida-gida aka riƙa zarewa, yau wannan gobe wancan, har ranar da liman ya juya bayan sallame sallar asuba ya ga mutum huɗu a bayansa. Iya na cikin ayarin ƙarshe. Har gobe abin da take ambata ba ɗakinta ba ne, turminta ne, wanda ta ce direba ya ƙi ɗauka.

Gwamnatin jiha ta wancan lokaci ta yi wani abu da ya cancanci a yaba: ta riƙa fitar da alƙaluma. A 2020 ta ce an kashe mutum 937, an sace 1,972. A 2021 ta ce an kashe 1,192, an sace 3,348. Har shanun da aka kora an ƙidaya. Sai dai gari ba ya shiga irin wannan lissafi. Ƙauyen da ba a kashe kowa ba ranar da ya watse, babu layin da za a rubuta shi. Kuriga an san ta saboda 'yan makarantar da aka kwashe a Maris na 2024. Tudun Biri an san ta saboda bam ɗin da ya faɗa wa masu Maulidi a Disamba na 2023. Garin da ya tsiyaye a hankali kamar randa mai tsaguwa, ba ɗan jaridar da zai je, don babu ranar da za a ce ga ranar da abin ya faru.

Maganata ita ce: wajibi ne a rubuta waɗannan garuruwa yanzu, da sunayensu da gidajensu da gonakinsu da maƙabartunsu, kuma a karɓi bayanin daga bakin tsofaffin mata kamar yadda ake karɓa daga bakin mai unguwa. Ba don sha'awar tarihi kaɗai ba. Don gona.

Na san abin da za a ce da ni, don an sha faɗa mini a majalisa. Tashin gari ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, shi ya sa ma muke da kalmar kufai. Gaskiya ne. Turunku, can cikin Igabi, ta taɓa zama mazaunin sarautar Zazzau kafin a koma gindin Kufena. Birnin Gwari ma akwai tsohuwa akwai sabuwa. Duk wanda ya saba tafiya a daji ya san in ya ga kukoki sun yi cincirindo a inda ba kowa, ga ramukan marina sun cike da ƙasa, to a nan wasu sun taɓa yin suna da biki. Yaƙi ya tashi gari, yunwa ta tasa, rijiya ta ƙafe an tashi. Ita kanta Kaduna, tun da ta zama hedikwatar Arewa a 1917, ƙauyukan Gbagyi take haɗiyewa tana mai da su unguwanni.

Amma a da in gari ya tashi, tare yake tashi. Mutane su ɗauki sarkinsu da limaminsu da maƙerinsu su koma gaba kaɗan, sau da yawa har sunan garin su tafi da shi, kufan kuma ya zama gonarsu. Ko lokacin da Turawa suka kwashe dubban mutane a ƙasar Anchau saboda ƙudan tsando da cutar barci, daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940, aka kafa Takalafiya, an san wa aka ɗauka, an san inda aka sauke shi. Namu tashin ba haka yake ba. Garinmu guda ya tarwatse gida bakwai: wasu Rigasa, wasu Mando, wasu Buruku, wasu sun bi dangin mata zuwa Giwa da Funtuwa, samari sun gangara kudu acaba da gadi. Mai unguwarmu ya rasu a gidan haya, ba a naɗa wani ba, don wa zai yi wa unguwanci? Babu sauran wata inuwa da mutanen garin za su zauna gaba ɗaya wani ya ce gonar wane daga nan ta fara, sauran su ce haka ne.

Ga kuma sulhu ya zo. A Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi tubabbu, aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Motoci sun koma bin hanyar, wasu manoma sun koma. Ina cikin masu addu'ar abin ya ɗore, ina kuma cikin masu kwana da ido ɗaya. Amma a ce ya ɗore ɗin. Ranar da aka ce kowa ya koma, me zai tarar? Gonar da ta shekara huɗu ko biyar ba a taɓa ba ta zama saura, sabara da geza sun rufe ta, gobarar daji ta cinye gambar iyaka, masu gawayi sun sare itatuwan da ake kwatance da su. Wanda ya riga isa da tarakta shi ne mai gona. Ƙasar nan kuma ba ƙasar banza ba ce: masara take yi kamar ba gobe, ga zinariya da ake haƙa a yankin, wadda ta sa mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka fara sha'awar daji.

A doka kuwa, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna. Manomin karkara haƙƙin zama da amfani yake da shi bisa al'ada, ƙaramar hukuma ce ke iya ba shi takarda. A garinmu ban san gida ɗaya da ya taɓa neman wannan takarda ba, kuma ba wauta ba ce. Wa zai nemi shaidar abin da duk gari ya sani? Shaidarka maƙwabcinka ne, da kabarin ubanka, da dagacin da ya san ku. Yanzu maƙwabcin yana Legas, dagacin ma wataƙila yana cikin waɗanda aka sauke a 2017 lokacin da aka rage gundumomin jihar daga 390 zuwa 77. Jihar na da hukumar KADGIS mai rajistar filaye a kwamfuta, wanda duk ya san hanyar ofis zai iya zuwa ya nemi takarda. Iya ba ta san hanyar ofis ba. Ranar da mai takarda da mai gado suka tsaya gaban alƙali, kowa ya san wanda zai fita yana murmushi.

Me ya sa na nace a kan mata? Na farko dai su suka rage. Sa'o'in kakana duk sun kwanta dama, na bayansu kuma su aka fi kashewa da sacewa. Amma ko da suna nan, akwai sanin da yake na mata ne. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba saurari daka. Namiji ya san gonarsa da ta wanda suka haɗa iyaka. Matar ƙauye ita ke kai abinci gona, ita ke roron gyaɗa bayan an cire, ita ke tsintar kaɗanya da kalwa, don haka ta san kowane itace da mai shi, tunda in ta tsinci na wani ranar za a ji su. Ita aka ɗauko daga wani gari aka kawo, 'yarta kuma aka kai wani, saboda haka taswirar zumunci ta garuruwa goma tana kanta. Ta san wa ya sha nonon wa. Ta san wace gona ce tumunin takabar wance da aka ce a bar wa 'ya'yanta su riƙa nomawa, wace ce rabon 'ya mace da ta bari a hannun yayanta don kunya, ba don ta yafe ba. Irin wannan haƙƙi shi ne farkon ɓacewa, don ko a zaman lafiya ma da ƙyar ake tuna shi.

Duk da haka ban taɓa ganin an yi rigimar iyaka an ce a kira tsohuwa ba. Dattawa ake tarawa a zaure. Abin dariyar shi ne, sau nawa na ga kakana ana tsakiyar magana ya ce bari ya kama ruwa, ya shiga cikin gida ya tambayi Iya, ya fito ya faɗa da muryarsa kamar shi ya tuna.

Rubutun hukuma ma haka ya yi da su. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomin lardin Zazzau, gari-gari, don aza haraji. Albarkacin haraji sunayen ƙauyuka da yawa suka shiga takarda. Amma haraji magidanci yake nema, shi ake rubutawa, matar da ta soya ƙuli-ƙulin da aka sayar aka biya kuɗin ba ta da suna a ciki. Da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 talaka ya huta, kuma ba ni cikin masu kewar wannan zamani, sai dai daga ranar babu sauran wani dalili da zai sa malamin hakimi ya bi gida-gida kowace shekara da littafi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan tun 2006 ce. Yaron da aka haifa a garinmu bayan ita, ya girma, ya yi gudun hijira, babu littafin ƙidayar da ya taɓa sanin daga ina yake.

Akwai abin da ke ba ni kunya in na tuna. Labarin rayuwar macen karkarar Zazzau da duniya ta fi sani, na wata tsohuwa ce, Baba mutuniyar Karo, wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, aka buga a 1954. Albarkacin bakin wannan tsohuwa ake ambaton Karo har yau. Sama da shekara saba'in ke nan. Yanzu kowane gida akwai mai digiri, kowane aljihu akwai wayar da ke ɗaukar murya, amma kakanninmu na mutuwa da garuruwa a cikinsu muna gefe muna kallon bidiyon barkwanci. Da ni a ciki. Sai da Iya ta yi wata jinya bara, muka ɗauka tafiya ce, sannan na farga ban san sunan kakan kakana ba.

Da ta warware na zo mata da waya da littafi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, yau kuma haraji ka zo karɓa? Cefanen ma ba ka bayar ba."

"Iya, so nake ki faɗa mini gidajen garinmu, daga bakin kasuwa har rafi."

"Ka rubuta ka kai wa wa? Duk wanda ya zo mana da biro, wani abu na biye da shi."

Wannan tsoro nata ba na tsufa ba ne, kuma shi ne suka mafi ƙarfi a kan abin da nake kira a yi. Rubutu makami ne. Littafin da ya ce gonar wane kaza ce, gobe shi wani zai ɗauka ya je ya yi ciniki da shi. Wanda ya iya baki zai faɗaɗa gonarsa a takarda, wanda ba ya nan a cinye tasa. Tsohuwa ma mutum ce, tana da 'yan ɗakinta, tana da kishiyar da ba ta yafe wa ba tun zamanin fam da sule. Ban musa ko ɗaya ba. Amma maganin wannan ba shi ne a bar rubutun ba, tunda ko mun bari wani zai yi nasa, kuma nasa ba zai tambayi Iya ba. Maganinsa a yi shi a fili. A tara mutanen gari ɗaya duk inda suka watsu, ko da sau ɗaya ne, a harabar makaranta ko masallaci ko coci, maza da mata, kowa ya faɗi nasa a gaban kowa, a karanta da Hausa da ƙarfi, inda aka yi saɓani a rubuta cewa an yi saɓani. Hakimi ya sa hannu, ƙaramar hukuma ta ajiye kwafi, masarauta ta ajiye, mutanen garin su riƙe nasu. A kuma dakatar da ba kowa takardar mallaka a kan ƙasar garin da ya tashi har sai an yi wannan zama. Wannan na ƙarshe shi ne abin da gwamnati kaɗai ke iya yi, kuma bai buƙatar kwangila.

Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna na yaye ɗaliban tarihi da na nazarin ƙasa kowace shekara, kowannensu sai ya rubuta kundin kammala karatu. Arewa House na nan a gidan Sardauna tun 1970, aikinta ke nan adana tarihi. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da ke Google Earth na nuna rufin gidaje da shacin gonaki na shekarun baya. Na nuna wa Iya na garinmu, ta kasa gane komai har sai da na nuna mata rafi, daga nan ta ɗora yatsa ta fara kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, ni ne ma na kasa bin ta.

Kuma in za a yi, a yi da gaskiya. Ba ƙauyukan Hausawa kaɗai suka zama kufai ba. Na Gbagyi sun tashi a Chikun, na Adara sun tashi a Kajuru. Rugage ma sun tashi, wasu 'yan bindiga suka kore su bayan sun kwashe shanun, wasu 'yan sa-kai suka ƙone. A lissafin Iya na garinmu akwai rugar da ke hayin rafi, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, da ƙawarta Bafulatana wadda suka shekara talatin suna musayar nono da dawa, wadda ta yi wa babana kitson farko na wasa tana ce masa mijinta. Ba ta san inda take ba yanzu, kuma takan yi shiru in ta zo kanta. Littafin da ya rubuta gona ya tsallake burtali, rigimar gobe ya rubuta.

Wani abokina ya ce da ni duk wannan hidimar masu ƙoshi ce, mutanen da ke neman na koko ina ruwansu da tarihi, yaran ma ba komawa za su yi ba. Rabin maganarsa gaskiya ce. 'Ya'yan ƙanen babana sun saba da wutar lantarki da cajin waya, ko an ba su kyauta ba za su koma kwana cikin duhu ba. To amma wanda ba zai koma ba ai ya fi kowa buƙatar shaida. Wanda ya koma ƙafarsa na kan gonarsa. Marayan da ke tura baro a Kasuwar Bacci, gonar nan ita ce kaɗai abin da ubansa ya bar masa, ko ya noma, ko ya ba da aro, ko ya sayar da kansa ya ja jari. In an ce ya bari sai ya ƙoshi sannan a yi maganar, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsofaffin ba jiranmu za su yi ba. A layinsu Iya kaɗai, tsofaffi uku 'yan gudun hijira aka yi wa sutura cikin shekara biyu.

Mun yi zama goma sha huɗu da ita zuwa yanzu. Gida arba'in da uku ta lissafa, da rijiya huɗu, da maƙabarta biyu, tsohuwa da sabuwa. Wani lokaci ta ce in kashe wayar, wannan ba na rubutawa ba ne, sai ta faɗi wanda ya ci amanar wa. Na kai wa wasu tsofaffi biyu 'yan garinmu a Mando abin da ta faɗa, suka gyara mata wuri uku, ta karɓi biyu, na ukun ta ce ƙarya suke yi.

Bayan sallar layya wani ɗan baffana ya yi ƙundunbala ya shiga har kufan. Ya ce katangu sun zube, masallaci ne kawai ke tsaye ba rufi, turmin kuma bai gan shi ba. Ya zo wa Iya da tsarabar ganyen kuka a buhu, ya ce daga kukar ƙofar gidanmu ya ɗebo. Ta shanya, ta daka a turmin maƙwabta, ta kaɗa miya da daddare. Loma ɗaya ta kai ta ajiye.

"Kai, zo nan. Wannan ba kukarmu ba ce. Ta bakin rijiyar gidan liman ce, ita ke da wannan ɗacin."

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ya ce tamu ƙudan zuma sun yi gida a jikinta, ya ji tsoron hawa.

"To tana nan dai?"

"Tana nan, Iya."

Ta jawo kwanon ta ci gaba da cin tuwonta.